Rifkatu da Injin Wankin Mahjar

Shekara goma ke nan da rasuwar Rifkatu, aminiyata, kuma bana ne na fi kewarta, saboda abin da ɗanta ya yi da sunanta.

Tare aka ɗauko mu aikin jinya daga Najeriya zuwa Jidda, kafili ɗaya ya ɗauki nauyinmu, gida ɗaya a unguwar Mahjar. Ni Musulma, ita Kirista. Coci dai babu a garin nan, kuma duk baƙon da aka kama da taron ibada irin nasu, iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta tashi, sai jirgi zuwa gida. Don haka ranar Juma'a da safe, ranar hutu, 'yan'uwanta Kiristoci ke shigowa ɗaya bayan ɗaya kamar masu zuwa dubiya. Su rufe taga, su yi waƙoƙinsu da raɗa, tafi ma da yatsu biyu suke yi. Ni kuma in kunna tsohon injin wankinmu mai ƙarar tsiya, ba ko ɗankwali a ciki, in goya ɗanta Ishaku in zauna bakin ƙofa. Har wata maƙwabciya ta tambaye ni wai wankau muke yi a ɓoye?

Ishakun nan yau fasto ne a gida, a irin sababbin coci-cocin nan masu ganga da lasifika, inda ake warkarwa da annabci. Lokacin zaɓen da ya wuce wata alhajiya ta kawo mini faifan wa'azinsa. Na ga ɗan takara ya durƙusa, Ishaku ya shafa masa mai a goshi, ya ce Allah ya riga ya zaɓa, wanda ya saɓa ya yi faɗa da Sama. Sai ya kawo labarin uwarsa: yadda Musulmi suka hana ta ɗaga murya, kuma haka za a yi wa kowa in aka yi sake da ƙuri'a. Jama'a na kuka.

Wallahi raina ya ɓaci. Hanin gaskiya ne, a gabana aka yi, kuma ban manta malamanmu ma suna raba ƙuri'a a kan mumbari ba. Amma ina wadda ta tsare ƙofar? Na kira shi, ya gaishe ni da ladabi kamar kullum, na yi ta faɗa yana saurare. Da na gama ya ce, "Mama, ban manta ba. Amma ba a cin zaɓe da labarin injin wanki."

Me Rifkatu za ta ce? Na san za ta yi murnar ganin ɗanta na yabon Ubangijinsa da ƙarfi ba tsoro. Ta daɗe tana roƙon haka. Amma matar da ke tashina sahur in na makara ba za ta yarda a yi gangami da hawayenta ba.

Ba ta bar gida ko fili ba. Labarin nan kaɗai ta bari, an kuwa yanke rabinsa. Ni na tsufa, waɗanda suka yi tafi da yatsu biyu sun kusa ƙarewa. Shi ya sa na rubuta, don jikokinta su san wadda ta goyi ubansu.