Yatsan Baba da Idon Yaya Habu

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Dakta Habu. Kafin ya koya mini kallon mutum, na ɗauka ciwon ƙwaƙwalwa da hayaniya yake zuwa: a faɗi, a sandare, ko baki ya karkace. Bana hannuna na hagu ya soma motsin da ban sa shi ba, kuma tunanin Yaya ya hana ni sakat.

A Kiyawa, an daɗe ana ganin babban yatsan mahaifinmu yana murza manuniya idan yana zaune. Kowa ya ce tasbihi ne. Fuskarsa ta daina motsi, aka ce kamala ce ta manyanta. Babbar riga kuwa ta ɓoye hannun da ya daina lilo in yana tafiya. Da Yaya ya zo hutun Sallah, ya durƙusa ya gaishe shi, ya zuba wa hannun ido.

"Baba, miƙo mini butar can."

Hannun ya tafi kai tsaye, ba rawa. Da ya koma kan gwiwa, yatsan ya ci gaba.

"Kai likita," in ji Baba, "yanzu har zikirina ma ciwo ne?"

"Allah ya ƙara maka lafiya, Baba, mai zikiri yana iya tsayawa. Tsaya mu gani."

Bai iya ba. Yaya ya ce ciwon kyarma ne da likitoci ke kira Fakinsan. Da magani, Baba ya koma zuwa masallaci da ƙafarsa.

Me Yaya zai ce da zamanin da ake ɗaukar bidiyon mara lafiya a waya, a tura wa dangi, kowa ya yanke hukunci? Me zai ce da ni, mai digiri, da nake riƙe carbi a taron ofis a Dutse don kada a lura? Ina tambayar kaina ko tsoro ne ko girman kai. Ni ne nake tuƙa 'ya'yana daga Yalwawa zuwa makaranta, kuma ƙafata ta fara nauyi a kan birki.

Yaya bai bar gini da sunansa ba. Ya bar mini idon da ba na iya rufewa, ko a kan kaina. Allah ya jiƙansa.

Watan jiya na ga likitan jijiyoyi a Kano. Ciwon Baba ne. Yanzu uwargida ce ke kai yara makaranta.