Goron Gaisuwar Mai Kamfani

A shekarun da ake gina madatsar Bakolori, ni makanikin injin ban ruwa ne a wurin Turawan aikin. Da suka ce za su kai mu ƙasarsu ƙaro sani, mutanen Maradun suka ɗauka na zama wani abu. Baba kuwa abu ɗaya ke ransa, gonarmu ta fadama da aka ce ruwa zai cinye.

Ya ƙunshe farin goro a ganye, ya miƙo mini. "In ka tahi, ka biɗi gidan mai kamfanin. Ka tuɓe takalma, ka gaishe shi da kyau, ka ce mai hwadamarga ta kakanka ta."

Birnin da aka sauke mu a kan dutse yake, ko burodi za ka saya sai ka hau ka gangara. Ga sanyi kamar ya tsinke kunne. Kullum da safe ina yayyafa wa goron ruwa. Na tambayi injiniyan da ke kula da mu ina gidan mai kamfanin, ya yi dariya har da tari. Wai masu shi suna da yawa, ba su ma san juna ba. Raina ya ɓaci. Wane irin kamfani ne wannan, ba mai gida, ba zaure?

Ran Lahadi injiniyan ya kai ni ƙauyen mahaifiyarsa. Gonakinsu hawa-hawa ne a jikin dutse, inabi da zaitun. Tsohuwar ta ɗora hannu a kan wani icen zaitun mai kauri ta ce kakanta ya dasa shi. Nan zuciyata ta karye. Na roƙi ɗanta ya gaya mata zancen gonarmu, na yi bayani dalla-dalla. Ya kau da kai, ya faɗa mata wata 'yar magana a harshensu. Ta yi murmushi, ta ƙaro mini inabi.

Da na dawo, ruwa ya riga ya shafe fadamar. Na tarar da Baba zaune a kan tudu.

"Ka gane shi?"

"Baba, babu wanda za a gaisar."

Na mayar masa da ƙunshin, ya kwance, goron duk ya bushe ya yi baƙi. "Ba ka dai biɗa da kyau ba," in ji shi.

Har ya rasu yana ganin da gaisuwar ta isa, da gonar tana nan.