Ranar Kaciyar Bala, Ni Aka Yi Wa Fifita

Jiya ɗana Bala zai kai jaririnsa asibiti a yi masa kaciya. Na ɗauki hula zan bi su, ya tare ƙofa: "Baba, don Allah zauna. Yau ba mu da mai yi maka fifita."

Ashe yaron nan bai manta ba!

Farkon samun jihar Kebbi muna garin Wara, yana ɗan shekara biyar. In zai yi fitsari sai ihu, ga zazzaɓi. Ni sarkin sani na ce fitsari ya yi a tafki, mutanen ruwa suka yi fushi. Hayaƙin da na banka masa, har kaji sai da suka bar gidan.

Innarsa ta gaji ta ja mu asibiti a Yelwa. Malamin asibiti ya duba shi, ya harare ni.

"Ba aljani ba ne, ƙwayoyin cuta ne. Ƙarƙashin loɓa suke taruwa su hau mafitsara. Ya shanye maganin nan, in ya warke a yi masa kaciya. Me kake jira?"

Na ce, "Lokacin sanyi." Ƙarya nake, aska nake tsoro tun tawa kaciyar.

Da wanzami ya zo, na ce ni zan riƙe shi, wai ni namiji. Ina ganin aska sai na sulale ƙasa a sume. Na farfaɗo ana yi min fifita, Bala na zaune yana cin gasasshiyar kazarsa. Ya miƙo min cinya ɗaya: "Ci, Baba, ka yi ƙoƙari."

Iyaye maza, tsakaninku da Allah, ni kaɗai ne?