Buhun da Gajere Ya Ƙi Ɗagawa

A ma'ajiyar buhuna da ke bayan tashar manyan motoci, Gingimari ake ce masa, don a ƙuruciyarsa abin da ƙarti biyu ke nishi a kai shi yake saɓawa ya wuce. A dako ya tashi, a dako ya yi furfura. Wuyansa ya yi kauri, kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu sauka, fatar wurin ta yi kanta. Gwiwoyinsa kuwa sun daɗe suna ƙara in zai tsuguna. An taɓa gaya masa guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ne ya cinye, ƙashi ke gugar ƙashi. Ya ce to, ya ɗaure su da tsumma ya koma bakin aiki.

Aikin wurin ba na mutum ɗaya ba ne. Biyu na kan mota, su kama kunnuwan buhu su ɗora wa na ƙasa, shi kuma ya bi katakon da aka jingina ya kai shi saman jeri. Gajere, abokinsa tun suna samari, shi ke ɗora masa.

Maganin 'yan dako ɗaya ne. Tsoka in ta yi tsami, ba a kwantar da ita, kaya ake ƙara mata har ta saki. Duk sabon shiga da ya zo yana ɗingishi, Gingimari ne ke tura shi gaban layi, kuma kafin mako ya zagayo jikin ya warware. Bai taɓa ganin maganin ya ƙi ci ba.

Da numfashi abin ya faro. Sai ya kai tsakiyar katako ya ji kamar an ɗaure masa ƙirji da igiya. Kwanciya ta gagara sai ya tara matasai a baya. Wata safiya babbar 'yarsa, wadda ke riƙe da shi tun rasuwar uwarta, ta ga takalminsa ya ƙi shiga. Ta durƙusa ta danna yatsa a ƙaurinsa, ramin ya zauna bai taso ba.

"Baba, wannan ba ƙiba ba ce. Tashi mu je asibiti."

"Mota na jira."

"Ta jira. Ai ba ita ta haife ni ba."

Likitar ta daɗe tana sauraren ƙirjinsa da bayansa, aka ɗauki hoto, sannan ta dunƙule hannu ta nuna masa.

"Baba, zuciya tsoka ce, kusan girman wannan. Tana matsewa ta tura jini huhu ya ɗebo iska, ya dawo, ta sake tura shi ko'ina a jiki. Taka ta daɗe tana kokawa da hawan jini, ta yi kauri, yanzu ta gaji. Jinin da ta kasa turawa yana taruwa a baya, ruwansa ya tsattsafo cikin huhu da ƙafafu. Shi ya sa numfashi ke yi maka wuya."

"Tsoka, kika ce?"

"Tsoka. Amma damtsenka yana hutawa in ka kwanta, ita ba ta da hutu. Ga magani, ka rage gishiri, ka riƙa ɗan tattaki a hankali. Buhu kam, kun rabu."

Ya yi godiya. Amma tun a kalmar farko ya riga ya ɗauki abin da zai ɗauka. Tsoka ce ta yi tsami, kuma ba wanda ya kai shi sanin kan wannan ciwo. Yana shan ƙwayoyin don idon 'yarsa, yana fita da cewa zai je gaida abokai. A ma'ajiya kuwa sai ya shiga gaban layi, ya ce a zaɓo masa manya.

"Tsoho, amarya za ka ƙara ne?" in ji wani daga kan mota.

"Ɗora, ka bar surutu."

Bai yi nisa da wannan magani ba. Ran nan da hantsi ya tsaya cak a tsakiyar katako, buhu a kafaɗa, baki buɗe, iska ta ƙi shiga. Leɓɓansa suka yi duhu. Ya kai buhun sama, ya sauko da rarrafe, ya jingina da bango yana tari mai kumfa. 'Yarsa ta zo ta tafi da shi, ya yi kwanaki a gadon asibiti.

Da aka sallame shi, ya sake bayyana a gindin mota, ya juya baya ya miƙa kafaɗa. Ɗaya mai ɗorawar ya kama kunnen buhu. Gajere bai kama nasa ba.

"Ɗora mana."

Gajere ya sa hannuwa a aljihu.

"Kai nake wa magana, Gajere."

"Na ji ka. Tun muna da gashi nake ɗora maka kaya. Ba ni zan ɗora maka na ƙarshe ba. Matsa, akwai mutane bayanka."

Ba wanda ya yi dariya. Gingimari ya tsaya a haka, kafaɗa a karkace, yana jin bugun da ke cikin ƙirjinsa, mai sauri, marar ƙarfi. Sannan ya matsa gefe, na bayansa ya shiga wurin.

A lungun ƙofa akwai tarin buhunan da suka yage, ba mai kula su. Ya jawo benci ya zauna, ya jira numfashinsa ya daidaita. Ya nemi basilla da zare, aka miƙo masa. Yatsunsa sun yi wa aikin kauri, sai da ya yi ta fama kafin zaren ya shiga.