Taɓaryar Inna a Bakin Inji

Maigidana mushe ne, wato malamin boko, yana koyarwa a wata lakwal a Magaria, amma zuciyarsa na rumfar bayan gida, inda ya ajiye wani ɗan injin sassaƙa mai bin umarnin ordinatar, wato kwamfuta. Moter uku ke gare shi: mai gaba da baya, mai hagu da dama, mai sama da ƙasa. Katako shimfiɗaɗɗe kawai yake iya ci. A shekarar da ƙafar babana ta fara gaza masa, maigida ya sayo moter na huɗu daga Kano, wanda zai riƙa juya ice a hankali kamar mai gasa masara, ya liƙa masa wani ɗan kwali mai wayoyi a cikin akwatin kuran, wato wutar lantarki.

Baba yana ƙauyenmu Guci, ya ƙi kowace sanda. Ta ƙarfen da likita ya ba shi ma ya jingine ta a zaure, ya ce shi ba gurgu ba ne. Ƙanwata ta kira ni tana kuka: ya sake faɗuwa a hanyar masallaci, goshinsa ya fashe. Sai na ɗauko taɓaryar marigayiya innata, ta icen kirya, abin da na gada daga gare ta ke nan. Tsakiyarta ta lotsa ta yi santsi, daidai inda hannunta ya shekara yana riƙewa. Na kai wa maigida a rumfa.

"Malam, ka rage mata kawuna ta zama sanda. Amma tsakiyar nan, don girman Allah, kar a taɓa."

"To, gimbiya. Me za a rubuta a kai?"

Na ce ban yarda a sa sunan Allah a abin da zai taɓa ƙasa ba. A sa maganar da Inna ke yi mana in mun yi gaggawa: sannu ba ta hana zuwa. Da ajami, don shi kaɗai Baba ke karantawa.

Rage kawunan ya tafi lafiya. Ina tsaye, garin kirya na zuba kamar yaji, kowane ƙugin injin ina jin sa a haƙarƙarina. Da aka gama rubutun a wuyan sandar na hure ƙurar, na duba. Haruffan sun juya baya, sun taso daga hagu. Na ruga na ɗauko madubina na kara, sai ga maganar Inna daidai, amma a cikin madubi.

"Innalillahi! Malam, juyin ya koma ta baya!"

Ya dafe kai. Ya ce wayoyi biyu ne ya sauya wa gurbi. Da ya fara gwadawa a kan rake, da ya gani. Ganin hawayena ya ruɗa shi, ya kai hannu ya cire wayoyin bai kashe kuran ba. Wani ɗan tas ya yi, wari ya tashi kamar an ƙona roba. Kwalin ya mutu. Samo wani sai mai zuwa Kano ya tashi, kuma ko an samo, wuyan sandar ya riga ya sirance. In an kankare an sake, ba za ta ɗauki nauyin tsoho ba, sai dai a gangara da rubutun wajen hannun Inna.

Na zauna a ƙasa da sandar a cinyata. Na lalata taɓarya, ban samu sanda ba. Na yi alwala na yi nafila, na kasa ma haɗa roƙon, sai "ya Allah" kawai nake maimaitawa.

Ranar kasuwar Guci na naɗe ta a zane na shiga motar haya. Baba na kan tabarma, goshi a ɗaure. Na miƙa masa ina ta ba da haƙuri. Bai saurare ni ba. Hannunsa ya bi icen har ya faɗa cikin lotsawar nan, ya tsaya.

"Wannan ta uwarki ce."

"Ita ce, Baba. Rubutun ne ya juye."

Ya kai ta kusa da ido, ya bi rubutun da kallo.

"Bar shi haka, 'yar nan. Mai maganar ai tana wancan ɓarin. Ita daidai take ganinsa."

Aka kira la'asar. Na kai hannu in tallafe shi, ya ture ni, ya dafa sandar ya miƙe.