Bindigata a Hannun Honorabul

Ni ba ƙaramin maharbi ba ne, kuma ba na ɓoyewa. Tun daji yana shiguwa, daga Bakura har bayan Kaya babu kurmin da ban taka ba. Amma ranar da na fi tunawa a farauta, ban harbi komai ba.

Bayan girbi ne, zaɓe ya matso. Honorabul, ɗan majalisarmu, ya ce zai bi mu daji, don a ga shi ma na jama'a ne. Ya zo da takalmi sau-ciki yana sheƙi da hula sabuwa fil. Da muka shiga daji ya dube ni.

"Maharbi, ara mani wagga taka."

Na miƙa masa bindigar tokata da hannu biyu, har da rusunawa. Kunya ce ta sa, ko son a sani, ban tantance ba har yau.

A al'adarmu, wanda ya fara samun nama shi ke da shi, amma sai ya ɗaga murya ya shaida wa mutane nan take. Wannan kaɗai Honorabul ya riƙe. Ɗayar ƙa'idar, cewa ba a harbin motsin ciyawa sai an ga kunnen dabba, ba wanda ya gaya masa. Gamba ta motsa, ya ja kunama, hayaƙi ya turnuƙe.

"Tawa ce! Ni na harbe ta, kowa shi shaida!"

Muka ruga. Ashe ba gada ba ce, wani magidanci ne mutumin Kaya yana yankan gambar zana. Harbin ya same shi a gwiwa. Ni na riƙe shi a kan babur har asibitin Talata Mafara, jininsa yana zuba a wandona.

Washegari da hantsi wani na hannun daman Honorabul ya same ni a ƙofar gida. Bayan doguwar gaisuwa ya sassauta murya.

"Bindiga dai taka ce. Ka ce kai ne. In an ɗaure ka, wata nawa ne? Iyalinka suna wuyanmu."

Raina ya ɓaci, kuma na tsorata, gaskiya. Ina da 'ya'ya, dawata ko sussuka ba a yi ba. Na hau mota na tafi Maradun wurin kawuna, tsohon magatakardan kotu.

"Kawu, doka wa takan kama, mai bindiga ko mai harbi?"

"Yatsan da ya ja kunama take nema. Rauni na kuskure da hukuncinai, jinya da diyya. Amma in ka amsa da bakinka, ba alƙalin da ka iya fidda kai."

Na ƙi amsa laifin, aka kai mu kotu ni da Honorabul. Ranar shari'a lauyansa ya yi ta juya magana. Bindigar wa? Tawa. Wa ya saba harbi da ita? Ni. Hayaƙi bai rufe wurin ba? Ya rufe. Na ce wa alƙali, "Allah shi gafarta Malam, hayaƙi ido shika rufewa, ba kunne ba."

Aka kira shugaban maharbanmu, tsoho mai ƙarancin magana. Ya bayyana al'adar shaida, ya ce, "Da bakinai ya ce tashi ce, duk munka ji. Da gada ce, da ya yarda a ba wani?"

Maharba suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya, magana guda. Honorabul ya sunkuyar da kai. Alƙali ya ɗora masa jinya da diyya, ni kuwa ya sallame ni.

Na fito ina taku ɗai-ɗai, abokai suna ta yi mini barka. A gindin darbejiyar kotu na ga mutumin nan na Kaya dogare da sanda, ƙafar ta sandare, ba za ta ƙara lanƙwasuwa ba. Na je na gaishe shi. Ya amsa, sannan ya dube ni ido cikin ido.

"Malam, kotu ta wanke ka. To wanga mutum ko ɗurin albarushi bai iya ba. Wa ya ɗura mashi bindigar?"

Babu lauya a wurin, babu alƙali.

"Ni ne," na ce.

"Shi ke nan. So nike in ji wani ya amsa ba tilas."

Ya juya ya tafi yana jan ƙafa.