Mutumin da Ke Tsugunawa a Bakin Kwana

Kafin masu shago su buɗe ƙofa, Baba Almakashi ya riga ya turo baronsa kan titinmu. Ba ya fara taɓa shukar gefen titin. Sai ya je inda motoci ke tsayawa kafin su sha kwana, ya tsuguna har idonsa ya zo daidai da na direba, ya duba hagu, ya duba dama. Duk reshen da ya tare masa gani, ranar zai sha aski har gwiwa.

"Baba, bayan gida ai yana can baya," in ji mai facin tayar titinmu, kullum ba ya gajiya.

"Na sani, ɗana. Don kada a kwashe ka a buhu nake wannan."

Shekara shida ke nan da hukuma ta fasa gefen titin, ta haƙa dogayen ramuka, ta dasa furanni da ciyawa, wai su riƙa shanye ruwan sama. Sha kam suna sha, ba zan yi musu ƙarya ba. Amma ko ɗan shinge ba a sa ba. In rami ya cika, sai ya yi daidai da kwalta, ba ka sanin ina hanya ta ƙare. Haka na zurma a daminar farko, ƙuguna ya goce, har yau da sanda nake tafiya. Baba ne ya tsamo ni. Washegari ya fara tsinto duwatsu yana shafa musu farin fenti, yana jerawa a bakin kowane rami. Ba wanda ya sa shi. A tambayi mai kantin magani, a ƙofarta yake shanya su.

Sai ga shugabansu na hukuma, inda Baba ke aikin kula da shukar, ya zo da baƙi, ya tarar da shukar bakin kwana gajera.

"Wa ya ce ka yi wa kayan hukuma ƙwalƙwal?"

"Ranka ya daɗe, tsuguna nan ka gani."

Mutumin ya dubi gugar wandonsa, ya ƙi. Aka rubuta wai ɓarna yake yi, aka karɓe almakashin, aka dakatar da shi. Ƙarshen watan nan za su zauna su yanke ko za a kore shi, saura masa shekara biyu ya yi ritaya.

Yau sati biyar da dakatar da shi. Shukar ta kai ƙirji. Mai goyo sai ta shiga tsakiyar titi kafin ta hango abin da ke zuwa. Shekaranjiya mota ta ture mai babur a wajen, direban yana rantsuwa bai gan shi ba, kuma gaskiyarsa.

Kai ne idon wanda ba ya gani, Baba. Gwiwoyinka sun ƙare a kanmu, ba ka taɓa cewa a gode maka ba. To mun gode, Allah Ya saka. Ku kuma masu rami a ƙofar shago, dutse ba ya ƙarewa a duniya, ku yi koyi da shi.

Hukuma, ku mayar da shi bakin aikinsa, ku sa shinge. Na gaji da hawa benenku ana ce mini "Iya, dawo gobe." Ranar da za ku zauna a kansa, mu goma sha ɗaya na titin nan muna tafe, kowa da kujerarsa.